Daga wasan Free Fire zuwa hanyar Meksiko: wa ke hira da 'ya'yanmu a cikin waya?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, ina zaune a ƙofar gida tare da ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 13. Ya toshe kunnuwa, yatsunsa na ta rawa a kan waya, yana ta ihu wai a tsare masa baya. Na taɓa shi na ce, "Kai, da wa kake magana haka?" Ya ce, "Kawu, abokina ne." Na ce ɗan wace unguwa ne? Ya ce bai sani ba, amma sun fi wata uku suna wasa tare, kuma mutumin kirki ne, har kayan wasa ya taɓa saya masa.

A daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Da a ce wani baƙo ne ya tsaya a bakin lungu wata uku yana ba yaron nan alewa, da tuni duk zango ya san da maganar, da an kai ta gaban liman ko sarkin zango. Amma da yake a cikin waya abin ke faruwa, ba wanda ya ɗaga kai.

Tun da farko bari in faɗi matsayina: ba na cikin masu cewa a haramta wa yara wasannin intanet. Wasannin nan sun zo, kuma akwai abinci a cikinsu ga wanda ya iya. Abin da nake cewa shi ne, ɗakin hirar da ke cikin wasan ya zama sabuwar tashar mota, inda baƙo ke haɗuwa da yaro ba da sanin iyayensa ba. Abin da ya faru a Meksiko ya isa ya nuna mana inda irin wannan hira ke iya kaiwa.

Mu fara da ɓangaren alheri. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, ya karɓu a unguwanni irin namu ne saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa. Mutum 50 ke shiga fage ɗaya, cikin kamar minti goma an gama. PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Yau daga Nima zuwa Aboabo, da wuya ka wuce wani bes na samari ba ka ga masu buga ɗaya daga cikinsu ba, ko ƙwallon eFootball, ana jiran ataya ya nuna.

A wasu ƙasashe abin ya wuce wasan yara. A 2019 wani yaro Ba'amurke mai shekara 16 ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite. A 2024 Saudiyya ta shirya gasar wasannin kwamfuta ta duniya a Riyad, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60. Mu ma nan ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba. A Gana, Eyram Tawia da abokinsa ɗan Kenya Wesley Kirinya sun kafa Leti Arts tun 2009, suna ƙera wasanni da labaran Afirka. A Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Bayan kowane wasa akwai mai zane, mai rubuta manhaja, mai haɗa sauti, mai fassara, mai sharhi. Wa ya ce ɗan zango ba zai zama mai fassara wasa zuwa Hausa ba, harshen da miliyoyin mutane ke ji daga Kumasi har Sudan?

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Manyan na'urorin da ke riƙe da yawancin wasannin nan suna nesa da mu, a Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Kafin saƙon yaron Mamobi ya je ya dawo, abokin karawarsa da ke kusa da na'urar ya riga ya harbe shi. Ga tsadar data, ga dumso. Kowa ya tuna watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, aka yi kwanaki ana fama a Gana da maƙwabtanta. Kuma cikin dubban masu wasa, 'yan ƙalilan ne ke cin abinci da gasa. Saboda haka duk yaron da ya ce zai bar makaranta don ya zama gwanin wasa, a zaunar da shi. Sana'ar da ta fi tabbas tana wajen masu ƙera wasan, ita kuwa sai da karatu.

To, yanzu mu je Meksiko. A watan Oktoban 2021, hukumomin jihar Oaxaca da ke kudancin ƙasar suka ceto yara uku 'yan shekara 11 zuwa 14. Wani ne ya fara ƙulla abota da ɗaya daga cikinsu a cikin Free Fire. Daga nan hira ta koma shafukan zumunta, sannan ya yi masa tayin aiki a arewacin ƙasar da albashin kusan dala 200 a mako. Aikin shi ne zama ɗan leƙen asirin gungun masu fataucin ƙwaya, ya riƙa sanar da su motsin jami'an tsaro. Yaron ya gaya wa abokansa, su ma suka ce suna so. Allah Ya sa aka gano su kafin a wuce da su. Maganar ta kai har shugaban ƙasar na lokacin, López Obrador, ya fito yana jan kunnen iyaye.

Ku dubi yadda tarkon yake. Ba da bindiga aka fara ba. An fara da wasa tare, da yabo, da ƙaramar kyauta. Sai a ce mu koma WhatsApp. Sai tayin aiki a wani gari mai nisa. Sai kuɗin mota. Sai a ce kada ka gaya wa mamanka, ka bari sai ka fara turo mata kuɗi ta yi mamaki. Duk wanda ya san yadda 'yan koneshan ke farautar samarinmu da alkawarin aiki a waje, zai ga hanya ɗaya ce, ƙofar shiga ce kawai ta canja.

Kuma inda hanyar ke ƙarewa ba wasa ba ne. Tun da shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji yaƙi da masu fataucin ƙwaya a ƙarshen 2006, an kashe dubban ɗaruruwan mutane a Meksiko. A 2022 adadin waɗanda suka ɓata a rajistar gwamnati ya haura 100,000. A watan Maris na 2025, iyayen da ke neman 'ya'yansu suka shiga wata gona a Teuchitlán ta jihar Jalisco, suka tarar da tulin takalma da tufafi da jakunkuna. Hukumomi sun ce sansanin horar da sababbin 'yan gungu ne, kuma da tallan aikin ƙarya a intanet ake janyo da yawansu.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da Meksiko? Ruwanmu biyu ne. Na farko, masu wannan sana'a sun san hanyar Afirka ta Yamma. An daɗe ana bi ta gaɓar tekunmu da hodar ibilis zuwa Turai, kuma a 2016 hukumar yaƙi da ƙwaya ta Nijeriya ta kama 'yan Meksiko huɗu a wata masana'antar haɗa ƙwaya a yankin Asaba. Na biyu, 'ya'yanmu ne da ƙafarsu ke zuwa can. Shekaru da dama ke nan 'yan Gana, Kamaru, Senegal, Gini da Muritaniya ke sauka a Birazil ko Ekwado ko Nikaragua, su kama hanyar ƙasa zuwa iyakar Amurka. Da wuya a sami zangon da ba a san wani da ya bi wannan hanya ba.

Masu turo hoto daga New York ba sa faɗin abin da ke tsakani. Wanda ya taso daga Kudancin Amurka sai ya keta dajin Darién tsakanin Kolombiya da Panama, inda babu titi, kuma gungun Clan del Golfo ke iko da mashigarsa ta ɓangaren Kolombiya. A 2023 kaɗai mutum fiye da 500,000 suka bi ta nan, wasu gawarsu na can har yau. Wanda ya tsira sai ya ratsa Meksiko tun daga Tapachula, inda 'yan Afirka suka maƙale wata da watanni a 2019 har suka yi zanga-zanga. Daga nan zuwa arewa, baƙo haja ne: a sace shi, a kira danginsa a nemi kuɗin fansa. A 2010, a San Fernando ta jihar Tamaulipas, gungun Los Zetas ya kashe baƙin haure 72 a wuri ɗaya. A watan Maris na 2023, mutum 40 suka mutu a gobarar da ta tashi a wurin tsare baƙin haure a Ciudad Juárez. A wannan watan dai aka sace Amurkawa huɗu a Matamoros, biyu suka rasa ransu. In mai fasfon Amurka bai tsira ba, ina ga ɗan Sabon Zango da bai iya ko gaisuwa da Sifaniyanci ba?

Ƙari a kan haka, ƙofar da ake wannan wahala dominta ta ƙara rufuwa. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da manhajar CBP One da masu neman mafaka ke samun ranar ganawa da ita a bakin iyaka. Duk ɗan koneshan da ya ce maka hanya a buɗe take kamar da, kuɗinka yake so.

Adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen. Meksiko ba filin yaƙi ba ce gaba ɗayanta. Masu yawon buɗe ido sama da miliyan 40 ke shigarta a shekara, mafi yawansu su koma gida lafiya. Biranenta uku, wato babban birnin ƙasar da Guadalajara da Monterrey, na cikin waɗanda aka ba wasannin gasar cin kofin duniya ta 2026. Jihar Yucatán ta yi suna da zaman lafiya. Amma jihohi irin su Sinaloa, Tamaulipas, Guerrero, Michoacán, Colima da Zacatecas sun daɗe cikin jerin wuraren da Amurka ke ce wa 'yan ƙasarta kada su je. A Culiacán, babban birnin Sinaloa, ɓangarori biyu na gungu ɗaya sun shiga kashe juna tun Satumban 2024, bayan kama Ismael Zambada. Wanda ke da halastacciyar tafiya, ta kasuwanci ko karatu ko kallon ƙwallo, ya nemi biza ta hanyarta, ya shiga ta jirgi, ya guji tafiyar dare a mota tsakanin garuruwa, ya bar wa na gida adireshin masaukinsa. Kuma kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na ɗan unguwarsu ne. Mun san mutanen kirki da "taimaka ka kai wa ɗan'uwana" ta kai su kurkuku.

Na san akwai iyaye da malamai da za su ce a ƙwace wayoyin kawai a huta. Ina ganin dalilinsu. Yaro ya kwana yana wasa, Asuba ta wuce shi, makarantar allo ta gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da jarabar wasa cikin jerin cututtuka. Ga kuma akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, waɗanda Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018. Mu Musulmi ba ma bukatar dogon bayani a kan caca. Amma ƙwace waya ba ya hana wasa, ɓoye shi kawai yake yi. Yaron zai ari ta abokinsa, kuma ranar da baƙo ya yi masa tayi, ba zai zo wurinka ba, don ya san duka zai sha. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi shi ne mu shiga cikin lamarin. Uba ko uwa su zauna su ce, nuna mini yadda ake yi, su waye abokan nan naka? A kafa doka uku a gida: ba a karɓar kyauta daga wanda ba a sani ba, ba a ba shi lambar waya ko hoto ko sunan unguwa, kuma duk wanda ya yi maganar aiki ko tafiya ko ya ce a ɓoye wa iyaye, a zo a faɗa, ba duka ba zagi. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Kada a bar lambar sirrin momo a hannun yaro. A nan Gana, Hukumar Tsaron Intanet na da lamba 292 da ake kai ƙara. Limamanmu su taɓo batun a huɗuba da sanin yadda abin yake, ba da tsinuwa kaɗai ba. Ƙungiyoyin samari kuma, yadda suke shirya gasar ƙwallo lokacin Salla, su shirya ta wasannin waya a fili, gaban manya, a gayyato masu ƙera manhaja su nuna wa yara cewa bayan wasan akwai sana'a. An daɗe ana liƙa wa zango sunan sakawa. Yaran da suka iya waya haka sun cancanci a nuna musu wata hanyar.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa, washegari muka zauna da shi da mahaifiyarsa. Muka duba hirarsa da abokin nan. Ba mu ga mugun abu ba, sai dai sau biyu mutumin ya tambaye shi ko yana da fasfo. Wataƙila tambaya ce kawai. Mun dai toshe shi, yaron ya yi fushi na kwana biyu, yanzu ya ci gaba da wasansa da 'yan ajinsu.

Yau da daddare, kafin ka ce wa naka yaron ya kashe waya, tambaye shi da wa yake wasa. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya.