Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kafintoci da Masu Walda na Durumi

 

Gadon jarirai, kujerun 'yan nazare da lilon makarantu da yawa a Durumi da kewayen Area 1 daga rumfunanku suke fitowa. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya sayen gadon da aka shigo da shi daga waje, balle 'yan uwanmu na sansanin gudun hijira. Wurinku suke zuwa, kuma amanar 'ya'yansu suke ba ku.

Na roƙe ku, ku fara duba fenti. Jan fenti da rawaya na mai, musamman mai araha wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba takarda, shi aka fi samun dalma a cikinsa. Jariri mai haƙori kuwa duk abin da bakinsa ya kai sai ya gurgura, har da katakon gadonsa. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Ta fenti a hankali take shiga, ba zazzaɓi ba ƙurji, sai yaro ya shiga makaranta a ga karatu ya ƙi zama, a ce daƙiƙi ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Tsakanin sandunan gado kada ya wuce santimita 6, don kada jikin jariri ya zurara kansa ya maƙale. Ƙusa a lanƙwashe ta, bakin walda a goge shi.

Na san abin da kuke tsoro: kuɗin takardar shaidar ingancin kaya. Kuna da gaskiya. A Amurka, bayan kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasa a 2007, wasu saboda dalma a fentinsu, an kafa dokar 2008 mai tilasta gwajin kayan yara a ɗakin bincike. Manyan kamfanoni suka iya biya, masu sana'ar hannu suka yi ta kuka, sai a 2011 majalisa ta sassauta musu. Laifin babba, ƙarami ya sha hukunci. Mu ma muna da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da tsarinta na MANCAP kan kayan da aka ƙera a gida, kuma shago guda zai sha wuyar ɗaukar wannan nauyi. In aka rufe rumfunanku, iyaye gwanjo za su koma, inda ba wanda za a tambaya.

Saboda haka ku je da sunan ƙungiya. Hedikwatar SON tana nan Wuse Zone 7. Ku nemi a koya muku ƙa'idar kayan yara, a yi wa ƙananan shaguna rangwame. Ku haɗa kuɗi ku sayi fenti daga kamfanin da zai ba ku shaidar babu dalma a rubuce, ku nuna wa duk mahaifin da ya zo ciniki. Don Allah shugabanni ku kira taro kan wannan tun kafin makarantu su fara ba da aikin sabon zango.