Alamar zance da alamar hamza: mu daina barin kwamfuta tana zaɓar mana

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ake ta maganar makarantu da fassarar dokoki. Ni kuwa wata ƴar ƙaramar magana ke damuna, kuma allura ma ƙarfe ce: alamomin da muke buɗe zancen wani da rufe shi.

Ku duba takardun Hausa da ake bugawa a Maraɗi, Damagaram ko Yamai. A shafi guda sai ka ga « » irin na Faransa, ka ga “ ” irin na Ingila, ka kuma ga miƙaƙƙu " ". Marubucin bai zaɓi ko ɗaya ba. Word da LibreOffice suna sauya alamar ne bisa harshen da aka ce musu ana rubutu da shi. In Faransanci ne, ka taɓa madannin 3 a allon AZERTY sai « ta fito da tazararta. In an kwafo wani sashe daga shafin Najeriya, sai ya zo da nasa.

Abin ya fi muni ga alamar da ke madannin 4. A Hausa wannan alama hamza ce, kuma aikin harafi take yi: sa'a daban, sa daban. Manhajar ba ta san haka ba. In kalma ta fara da ita, kamar 'yan a rubutun Najeriya, sai ta ɗauka zance ake buɗewa, ta juya ta zuwa ‘yan. Mu ƙa'idar rubutunmu ta 1999 ta ba mu ƴ, mun tsira a nan, amma ma'ana da jama'a da addu'a suna nan. Ga kwamfuta, miƙaƙƙiyar alama da lanƙwasasshiya abu biyu ne daban. Sunan Sa'adatu in an shigar da shi iri biyu cikin rajista, mai nema yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya.

Ra'ayina shi ne mu tsaya kan « » don zancen wani, mu bar wa hamza alamarta ita kaɗai, miƙaƙƙiya. Alamomin Ingila a sama suke zama, wurin da hamza take, har ido ya riƙa haɗa su. Na Faransa kuwa a tsakiyar layi suke, ba su cin karo da kowa.

Wani zai ce yawancin littattafan Hausa daga Kano da Zariya suke fitowa, da “ ” ake buga su, don me za mu ware? Maganarsa tana da nauyi. Amma Bakano ba ya kasa karanta « », kamar yadda ƴ ba ta hana shi gane mu ba. In ma masana suka zauna suka zaɓi na Najeriya, zan bi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne iri uku a takarda guda.

Gyaran ba shi da wuya. A LibreOffice, ka shiga Outils, sannan AutoCorrection, ka nemi Options linguistiques: nan za ka kashe sauya alama guda, ka zaɓi tagwayen da kake so. A Word yana cikin Options de correction automatique. In manhaja ta juya maka alama, danna Ctrl da Z nan take, za ta dawo.

Duk wannan yana cikin shafukan taimakon manhajojin, amma an rubuta su ne don mai rubuta Faransanci ko Ingilishi, ba ruwansu da hamza. Ya kamata ma'aikatar ilimi da malaman Hausa na jami'o'inmu su fitar da shafi ɗaya tak da Hausa, a raba wa sakatarori da gidajen buga takardu kafin takardun hukuma su yi yawa.