Rumbu Biyu a Cikin Danga Ɗaya

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a manyan ma'aikatu, musamman jami'o'i da bankuna da asibitoci. Da zarar shugaba ya tambayi sashen kwamfuta ko bayanan ma'aikatar suna cikin aminci, sai a ce masa, “Ranka ya daɗe, ai muna da RAID.” Shugaba ya gyaɗa kai, a shiga batu na gaba. Wanda ya ba da amsar bai yi ƙarya ba, na'urar tana nan, fitilunta na ƙyalli. Sai dai ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, ya bar wadda aka yi, kuma a kan wannan kauce-kauce ne ake asarar aikin shekaru a cikin dare ɗaya.

Ya kamata a fara da bayanin abin da ake magana a kansa. Babbar ma'aikata ba ta barin kowa ya ajiye fayilolinsa a kwamfutar teburinsa. Ana tara faya-fayan ajiya masu yawa a cikin akwati guda, a jona shi da layin sadarwar cikin gida, ya zama rumbun kowa da kowa. Wani rumbun, wanda ake kira NAS, fayiloli yake raba wa masu aiki ta hanyar ƙa'idojin NFS ko SMB. Wani kuma, mai suna SAN, yanka fili yake yi ya miƙa wa manyan kwamfutoci ta Fibre Channel ko iSCSI, su riƙa ganinsa tamkar faifan da ke cikin cikinsu. A ƙarƙashin duka biyun akwai dabarar RAID, wadda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka raɗa wa suna a wata maƙala ta 1988. Manufarta guda ce: idan faifai ya mutu, kada aiki ya tsaya. RAID 1 yana rubuta kowane abu a faifai biyu. RAID 5 yana baza wani lissafi a kan faya-fayan, wanda da shi za a iya sake gina abin da ke kan guda ɗaya idan ya lalace. RAID 6 yana jure mutuwar biyu.

Dabara ce mai kyau, babu mai hankalin da zai kushe ta. Amma maganin cuta ɗaya ce tak, wato mutuwar ƙarfe. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, RAID zai goge shi daga dukkan faya-fayan nan take, cikin biyayya. Idan manhajar 'yan garkuwa da bayanai ta kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, RAID zai adana kullallun da irin amanar da ya adana lafiyayyun. Idan gobara ta tashi, akwatin gaba ɗayansa ne zai ƙone. Manomin da ya gina rumbu biyu a cikin danga ɗaya ya yi maganin gara, idan ta ci wannan ta bar wancan, amma bai yi maganin wuta ba, bai kuma yi maganin ɓarawon da ke riƙe da mabuɗin gidan ba.

Ko a fagen da ya ƙware ma, RAID 5 ya fara tsufa. Faifai mai terabayit 16, idan ana cika shi da gudun megabayit 200 a daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci fiye da awa 22 kafin a gama sake gina shi, kuma rumbun da ake aiki da shi ba ya samun wannan gudun. A duk tsawon lokacin sauran faya-fayan, waɗanda galibi sa'o'in mamacin ne, rana ɗaya aka sayo su, suna shan karatu daga farko har ƙarshe. Ɗaya ya ƙara faɗuwa, shi ke nan.

Masu kare wannan sakaci sukan ce ai rumbun zamani yana ɗaukar hoton kansa lokaci-lokaci, ta yadda za a iya komawa ga yadda fayiloli suke jiya ko shekaranjiya. Gaskiya ne, kuma hoton yana ceton mutum daga ƙananan kurakurai. Amma a ina hoton yake zaune? A cikin rumbun da ake tsoron lalacewarsa. Wanda ya sace kalmar sirrin mai kula da rumbun, da hotunan zai fara kafin ya taɓa fayil ko ɗaya. Wasu kuma sukan ce suna tura komai zuwa rumbu na biyu a daidai lokacin da ake rubuta shi. Wannan madubi ne, kuma madubi ba ya zaɓen abin da zai nuna.

Abin da ake buƙata shi ne kwafin ko-ta-kwana: kwafi na daban, a na'ura ta daban, wanda kuskuren yau ba zai kai gare shi ba. A nan ne kuma maganar ta fi ɗaci, domin da yawa daga cikin masu wannan kwafin ba su taɓa gwada maido da shi ba.

Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge ma'ajiyar bayanai a kan babbar kwamfutar da ake aiki da ita, yana zaton ta biyun yake sharewa. Kafin ya ankara, daga kusan gigabayit 300 saura kimanin 4.5. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na adana kwafi, kuma da bakinsa ya faɗa cewa babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da mutuwa shiru, saboda manhajar da ke ɗaukar kwafin ta girmi ma'ajiyar da take kwafa, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani hoto ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin aukuwar lamarin, don wata buƙata ta daban. Aikin waɗannan awanni shida ya tafi. GitLab ya cancanci yabo da ya fallasa kansa, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube. Tambayar ita ce, ma'aikatu nawa ne ke zaune a kan hanyoyi biyar irin waɗannan, suna barci da minshari?

A Jafan kuwa, mai gadin ne ya cinye kayan. Tsakanin 14 da 16 ga Disambar 2021, Jami'ar Kyoto ta rasa kimanin terabayit 77, fayiloli wajen miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, daga rumbun babbar kwamfutarta. Ba ɗan kutse ba ne, ba kuma faifai ne ya mutu ba. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise ne ya sabunta rubutaccen umarnin ɗaukar kwafi alhali umarnin yana cikin gudana, sai ya rikice, maimakon ya share tsofaffin bayanan aikinsa ya kama share fayilolin masu bincike. Kamfanin ya ɗauki laifin baki ɗaya. Ɗaukar laifi dai ba ya dawo da fayil.

Sai wuta. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu abokan cinikinsa kuma a ranar suka gano cewa kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin. A Satumbar 2025 batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, rumbun G-Drive na ma'aikatan gwamnati ya ƙone da terabayit 858 a cikinsa. Dalilin da aka bayar na rashin kwafi shi ne girman rumbun. Wato yawan dukiyar ne ya zama hujjar barin ta ba tsaro. Wannan ya isa amsa ga masu cewa sun kai kayansu “gajimare” sun huta. Gajimaren nan gini ne mai bango da wayoyi da batura, a wani gari da ke da suna.

Laifin ba na ƙaramin ma'aikacin da ke kwana a ɗakin na'urori ba ne shi kaɗai. Mafi yawansa yana kan teburin da ake raba kuɗi. Sabon akwati abin nunawa ne, ana yanka masa kyalle, ana ɗaukar hoto da shi. Dillali ya zo da alƙawarin cewa na'urarsa za ta yi aiki kashi 99.999 cikin ɗari, wato tsayawarta a shekara ba za ta wuce minti biyar da 'yan daƙiƙu ba, kwamiti ya yi tafi. Ba wanda ya lura cewa wannan adadi yana magana ne a kan kasancewar na'ura a kunne, bai ce uffan ba game da dawo da abin da ya ɓata. Kuɗin kaset ɗin ajiya, da hayar wuri a wani gari, da ranar aiki guda da za a ware don gwaji, su ne ake fara yankewa idan kasafi ya matse, don ba su da fitila mai ƙyalli.

Masu kukan tsada suna da 'yar gaskiya. Ba kowane fayil ne ya cancanci kwafi uku ba. Abin da za a iya sake saukowa daga intanet ko sake lissafawa, a bar shi. Amma wannan hukunci ne da ya kamata a zauna a yanke, a rubuta, a sa hannu, kowa ya san abin da aka yarda a rasa. Sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara ashirin ba ya cikin wannan rukuni, haka ma tarihin jinyar marasa lafiya. Ga irinsu akwai tsohuwar ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Zamanin 'yan garkuwa ya ƙara sharaɗi, cewa ɗaya ya kasance a yanke daga layin sadarwa ko a kulle ta yadda ko mai kula da rumbun ba zai iya goge shi ba kafin wa'adinsa, kuma kalmar sirrinsa ta bambanta da ta babban rumbu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaban da ke son sanin gaskiyar rumbunsa ba ya buƙatar sanin bambancin NAS da SAN. Ya zaɓi fayil guda da kansa, na wata uku da suka wuce, ya ce a maido masa da shi daga kwafin da ke wajen ginin, a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganin fayil ɗin ba, yana zaune yana duban agogo. Bayan haka ya nemi a yi wa ma'ajiyar albashi gaba ɗayanta irin wannan gwaji, a rubuta ranar da awannin da aikin ya ci da sunan wanda ya buɗe ta ya tabbatar lambobin sun cika. Idan aka ce masa a dakata sai injiniya wane ya dawo daga hutu, a rubuta wannan ma a cikin rahoton.