An gano lagon KRAS, amma da sauran rina a kaba

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai suna Ras, aikinsa kamar na makunnin lantarki. Idan saƙo ya zo cewa ƙwaya ta girma ta rabu biyu, sai ya riƙe sinadarin GTP, ya kunnu, ya isar da saƙon ciki. Da ya gama sai ya mayar da shi GDP ya lafa. To idan tubali ɗaya tak ya sauya a gininsa, galibi na 12 a jeri, makunnin ya maƙale ke nan. Ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba linzami, kuma ko ta lalace ba za ta mutu ta ba sabuwa wuri ba, kamar yadda lafiyayyun ƙwayoyi ke yi. A nan sankara take samun gindin zama.

Tun 1982 aka san haka, lokacin da ɗakunan binciken Robert Weinberg da Michael Wigler da Mariano Barbacid suka gano gurɓataccen Ras a ƙwayoyin sankarar mafitsara. An san ɓarawo, an san gidansa, amma shekara talatin aka kasa kama shi. Jikinsa sumul yake, ba inda magani zai maƙale, ga shi ya riƙe GTP gam. Masana da yawa suka sallama, suka ce wannan ba ya jin magani.

Shi ya sa nake jinjina wa Farfesa Kevan Shokat da ɗalibansa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. Ba su tunkari furotin ɗin gaba da gaba ba. Sun lura cewa a nau'in KRAS (ɗaya daga cikin dangin Ras) da ake kira G12C, tubalin da ya sauya yana ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda za a iya liƙa masa wani abu ya zauna daram. A 2013 suka nuna wani ɗan lungu da ba wanda ya taɓa gani, inda magani zai shiga ya kulle makunnin a kashe. Shekara takwas bayan nan, a Mayun 2021, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sotorasib ga masu sankarar huhu, adagrasib ya biyo baya a Disambar 2022. Wannan aiki ya cancanci a miƙe tsaye a gaishe shi.

Sai dai ni ban ga an kai gaci ba. G12C na cikin kusan kashi 13 bisa ɗari ne na babban rukunin sankarar huhu. Sankarar fankiriyas kuwa, gaɓar da ke samar da insulin, kusan tara cikin goma na masu ita KRAS ne sanadi, amma yawancinsu G12D ko G12V suke ɗauke da shi, waɗanda ba su da wurin liƙin nan. Ko inda maganin ya kama, cutar kan sake hanya. A babban gwajin da aka kwatanta sotorasib da tsohon maganin docetaxel, wata 5.6 ya riƙe ta, tsohon kuma 4.5. Ga mai jinya wata guda ba abin rainawa ba ne, amma ba shi muke nema ba.

Akwai kuma nauyin da ke kan kamfanoni da gwamnatoci. Ba a ba mutum maganin nan sai an gwada ƙarin da ke jikinsa an tabbatar G12C ne. A ƙasashenmu gwajin kansa wahalar samu yake, kuɗin maganin kuwa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. A sauko da farashin, a kawo na'urorin gwajin asibitocin koyarwa, a kuma sa majinyatan Afirka cikin gwajin magungunan G12D da ake yi yanzu.