Batsari: Wa ke riƙe da hoton ƙasar Ruma yanzu?

Duk wanda ya leƙa Facebook ko Instagram a hutun ƙarshen shekara zai ci karo da su: ango da amarya a bakin teku a Zanzibar, farin yashi, ruwa kamar an zuba masa shuɗi, kowa da kwakwa a hannu. Babu laifi, mai kuɗi ya ci kuɗinsa. Amma ɗan Batsari da ke kallon waɗannan hotuna, idan ya rubuta sunan garinsu a intanet, abin da zai fito masa daban ne: gawarwaki a jere, rumbuna a ƙone, mata da ƙunshin kaya a ka.

Alhali ba haka ƙasar Ruma take ba a idon waɗanda suka taso a cikinta. Da damina, daga Batsari zuwa Runka a ƙaramar hukumar Safana, ƙasa ce ta duwatsu da kukoki da gonakin gero da rogo, ga shanu na kiwo a gefen Dajin Rugu. A da, samari kan hau dutse da Sallah, a kira mai hoto ya ɗauka, a jira kwanaki kafin ya wanko. Hotunan suna nan a ƙasan akwatuna, wasu sun dushe, wasu gara ta ci gefensu, wasu sun ƙone tare da ɗakunan da aka ajiye su.

Abin takaicin shi ne, yanzu ɗan bindiga ne ke yawon ɗaukar hoto a dajin. Shi ke fitowa a TikTok, ga bindiga ga damin kuɗi, inuwar itatuwa a bayansa. Manomin da aka raba da gonarsa kuwa, sai ranar jana'iza ake ɗaukarsa, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2020, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, aka shafe watanni ko hoton sunan jariri ba a iya tura wa dangi.

Ita ma Zanzibar ɗin ta ga jini a juyin juya halin 1964, amma ba da shi kaɗai duniya ta san ta ba, domin an adana hotunan tsohon birninta da kwale-kwalenta da kasuwanninta.

Wani zai ce, mutanen da ke neman abin da za su sa a baki, ina ruwansu da hoto? Tambayar tana kan hanya. Sai dai tsohon hoto a wannan yanki ya wuce abin tuna baya, shaida ne. Yana nuna inda masallacin ƙauye yake, da kukar da ke kan iyakar gona, da burtalin da shanu ke bi, da Bahaushe da Bafulatani tsaye kafaɗa da kafaɗa ranar biki. Ranar da 'yan gudun hijira suka koma ƙauyukan da ciyawa ta cinye, rigimar iyaka za ta taso, kuma dattawan da suka san iyakokin suna ta ƙarewa. Yaron da aka haifa a gudun hijira a Katsina ma bai taɓa ganin garin ubansa ba.

Aikin ba ya bukatar kuɗin jirgin Zanzibar. Waya ɗaya ta isa a ɗauki hoton tsohon hoto, a tambayi dattijo ko dattijuwar gidan sunan wurin da shekarar, a rubuta. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, za su iya tura ɗalibai gida-gida su tattara, a mayar wa kowa abinsa a hannu.

Sai dai a yi hattara. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga a yankin a 2025 ba izini ba ne na kutsawa daji don ɗaukar hoton kai. Haka kuma hoton garke ko cikakken rumbu da aka saka a intanet da sunan ƙauye yana iya zama jagora ga masu kai wa ɓarayi rahoto. Irin wannan a bar shi a waya tukuna, a fara da na cikin akwati, kafin damina ta gaba ta jiƙa abin da ya rage.