Waiwaye: Ƙwaurin da ya yi kyau a hoto

A 1958 wasu likitocin tiyata 13 suka haɗu a garin Biel na ƙasar Suwizalan, Maurice Müller yana kan gaba, suka kafa ƙungiyar da ake kira AO. Abin da ya dame su shi ne halin da mai karaya ke shiga: watanni cikin filasta ko a kwance an rataya wa ƙafa nauyi, ƙashi ya haɗe amma gwiwa ta sage, tsoka ta zube. A Disamba 1960 suka buɗe kwas na farko a Davos, kuma daga can karatun ya bazu har ya zama mizanin da ake horar da likitoci masu neman ƙwarewa a ƙasashe da dama.

A wannan karatun, ginshiƙai huɗu aka koya mana, mu likitocin ƙashi: a mayar da ƙashi mazauninsa daidai, a ɗaure shi da ƙarfe da sukuru har ya daina motsi, a kiyaye jinin da ke ciyar da shi, a sa majiyyaci motsa gaɓa da wuri. Biyun farko muka riƙe da hannu bibbiyu, domin su ake gani a hoton ƙashi. Har ƙullutun sabon ƙashi da kan fito a wurin karaya, wanda kowane mai ɗori ya san alamar warkewa ce, mu mun ɗauke shi shaidar cewa ƙarfen bai matse ba.

Ban manta wani saurayi ɗan acaɓa da ƙwaurinsa ya farfashe ba. Na yi doguwar tsaga, na ɗaye tantanin da ke lulluɓe da ƙashin don in ga komai sarai, na jera gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya kamar gyartai yana ɗinkin ƙwarya. Hoto ya fito, kowa ya yaba. Bayan wata 9 ƙashi bai haɗe ba, ƙarfen ya karye. Mahaifinsa ya dube ni ya ce, "Likita, ba kai ka ce mana aikin ya yi ba?" Na ce, "Baba, haka na zata." Gutsattsarin da na jera duk na raba su da jininsu, matattu na ɗaure.

Abin da ya ƙara wa ƙungiyar daraja a idona shi ne ba ta kafe kan tsohon karatunta ba. Binciken Stephan Perren a Davos ya nuna cewa farantin ƙarfe da aka danna a jikin ƙashi yana tauye jinin da ke ƙarƙashinsa, kuma ɗan motsi daidai gwargwado yana kiran sabon ƙashi. Sai kwas ya sauya. Karayar da ta shiga gaɓa har yanzu sai an jera ta daidai an matse. Amma idan tsakiyar dogon ƙashi ne ya farfashe, abin nema shi ne tsawon ƙafa, miƙewarta da inda take fuskanta; a zura ƙusa ta cikin ɓargo, ko a tsallake wurin da faranti ta ƙaramar tsaga, a bar gutsattsarin da namansu. Farantin da sukuru ke kulluwa a jikinsa, wanda ya yaɗu a farkon shekarun 2000, ya sauƙaƙa wannan. Lacca ma ta ragu, ɗalibai suna zama rukuni-rukuni suna muhawara kan majiyyaci guda.

Damuwata a yau malamai ne. Ɗalibi kan je kwas na 'yan kwanaki ya dawo da sabon ilimi, ya tarar da babban da zai tsaya a kansa shekaru yana nan kan abin da ya koya tun yana saurayi, kuma kunya ba ta barin ƙaramin likita ya gyara wa na gaba da shi. 'Yan'uwana manyan likitocin ƙashi, duk wanda a cikinmu ya daɗe rabonsa da wannan kwas, ya daure ya koma ya zauna a kujerar ɗalibi kafin ya sake riƙe hannun wani yaro a ɗakin tiyata.