A Rubuta Aron Gona Tun Shaidu Suna Raye

Jama'ar karkara, masu gonaki da masu noman gonakin wasu, ku saurara! Da zarar an fara sharar gona, rigima za ta taso kamar yadda ta saba. A ƙofar maigari da zauren alƙali za a ji wani yana rantsuwa cewa gonar ubansa ce, wani kuma yana rantsuwa cewa aronta aka bai wa uban. Wanda ya bayar ya rasu, wanda ya karɓa ya rasu, dattawan da aka yi a gabansu ƙasa ta rufe musu ido. Wa za a tambaya?

Kada wani ya ce iyayenmu sakaci suka yi. Suna da tsarinsu, kuma ya riƙe su. In mutum ya ba ka aro, kaka na yi sai ka kai masa dami ɗaya ko biyu. Damin nan bai kai kuɗin haya ba, aikinsa shi ne ya tuna wa gari duk shekara cewa gonar tana da mai ita. Shi ya sa ba a yarda mai aro ya dasa itace, ko ya haƙa rijiya, ko ya yi gini ba, don mai dasa mangwaro ya nuna ba shi da niyyar tashi. Akwai jingina, inda mai gona zai karɓi kuɗi saboda biki ko rashin lafiya ko haraji, mai kuɗin ya ci gaba da noma har ranar fansa. Akwai noma-mu-raba, akwai haya. Kafin nan akwai rinji, inda bayi ke yi wa ubangidansu aikin gandu, a yanka musu gayauna su noma wa kansu. An soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya a 1936, amma da yawa daga zuriyarsu suka zauna kan gonakin nan ba tare da an taɓa fayyace na wane ne ba.

Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari: daji yana da yawa, kuma kowa ya san kowa. Yau ina dajin? Nijar da ta samu 'yancin kai da mutum miliyan 3 da wani abu, yanzu ta haura miliyan 25. A kewayen Kano da Maraɗi ba a ma barin saura ta huta. Gonar da kaka ya bayar don zumunci, yau ɗan kasuwa daga birni yana taya ta da kuɗin da jika bai taɓa riƙewa ba.

Gwamnatoci sun tsoma baki, sai dai ƙurar ba ta lafa ba. A 1974 shugaban Nijar Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta wanda yake nomanta ce. Niyyar ta taimakon talaka ce, amma masu gonaki da dama suka tsorata da ba da aro, bayan rasuwarsa a 1987 kuma tsofaffin ƙorafe-ƙorafe suka dawo sabo. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, wasu masu aro suka ɗauka sun zama masu gona, har Kotun Ƙoli ta yanke a 1991, a shari'ar Abioye da Yakubu daga Jihar Kwara, cewa dokar ba ta kashe haƙƙin mai ƙasa a kan wanda ya bai wa zama ba. Shekara 13 ke nan mutane suna noma a kan fahimtar da kotu ta zo ta rushe.

To ku tashi! Kai mai gona, kada kunya ta hana ka. Cewa "mu rubuta" ba zargi ba ne, kariya ce ga marayun da za ka bari. Kai mai aro, kai ma ka nema, domin kai ne ake kora bayan ka kwashe shekaru kana zuba taki, gona ta yi ƙarfi, mai ita ya ce yana so. A rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa. A rubuta shekara nawa, dami nawa ko buhu nawa, wa ke da ɗorawa da gawon da ke ciki, wa ke da karan bayan girbi, da irin wa'adin da za a bayar kafin a karɓe. Wanda ya zuba taki a bana, a ba shi damar cin moriyarsa.

Jingina ta fi kowanne buƙatar alƙalami. Dubu 50 ta shekara 20 da suka wuce ba ita ce ta yau ba, kuma a nan ne 'yan'uwa ke raba gari. Malamai, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ku karanta ta a huɗuba kafin shuka, ku kuma faɗa wa mutane hukuncin mai cin amfanin gonar jingina shekara da shekaru.

Mata, gonar gadonku da kuka bar wa yaya ko ƙane yana nomawa, aro ce, a sa ta a takarda da sunanku.

Mutanen Nijar, tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye da ake kira Cofo, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, suna ba da takardar aro da ta haya da ta jingina. Ku je ku karɓa. Mutanen Najeriya, maigari da dagaci da liman sun isa shaida, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a ajiye na uku a wurin hakimi. Matasa masu ilimi, ku ɗauki littafi da biro ku bi tsofaffin unguwarku gida-gida a wannan rani, ku tambaye su gonar wa ke hannun wa, da sharaɗin da aka yi, su faɗa a gaban ɓangarorin biyu, a sa hannu.